Me ya sa wata na'urar DVD ke shekara 15 tana aiki, wata kuwa ko shekara ba ta rufawa?

Tambayar da masu gyaran kayan wuta suka gaji da ji ke nan. Ga DVD da aka jera wa amarya a kayan ɗaki tun kafin a haifi yaran gidan, har yau tana karanta faifai lafiya lau. Ga kuma wadda aka sayo bara, sabuwa fil a kwalinta, tuni ta fara rubuta “No Disc” a fuskarta. Me ya raba su? Wasu sun ce sunan kamfani ne. Wasu sun ce ai kayan da duk sun fi na yanzu ƙarko. Wasu kuwa sun tattara laifin sun ɗora wa NEPA, wadda dama ta saba ɗauka.

Zancen ya sake tasowa ne saboda labaran da ke fitowa daga ƙasashen da ake ƙera kayan. Netflix, wanda da aika wa mutane faifai ta gidan waya ya fara kasuwancinsa, ya rufe wannan sashe a Satumban 2023. Oppo ya daina ƙera na'urorin kallon faifai a 2018. Samsung ya sanar a 2019 cewa ba zai ƙara fitar da sababbin na'urorin Blu-ray, wato faifan da ya biyo bayan DVD, a kasuwar Amurka ba, LG ma ya bi sahu a ƙarshen 2024. Wanda ya ji wannan zai ce to a rufe babin, zamaninta ya wuce. Sai dai a gidajenmu akwai jakunkuna da durowoyi cike da faya-fayai: na biki, na suna, na walimar sauka, na tafsirin malaman da suka riga mu gidan gaskiya, da finafinan Hausa na shekarun 2000 waɗanda ba duka aka ɗora a YouTube ba. In babu na'urar da za ta karanta su, roba ce kawai aka tara. Don haka ya kamata a san abin da ke kashe na'urar, da abin da ke raya ta, tun tana samuwa.

Abin da ke cikin akwatin

DVD ta fara shiga kasuwa a Japan a Nuwamban 1996, ta isa Amurka a Maris na 1997, bayan manyan kamfanoni irin su Sony da Philips da Toshiba da Panasonic sun daidaita a kan tsari ɗaya a 1995. Faifan faɗinsa ɗaya da na CD, santimita 12. Amma CD megabait 700 yake ɗauka, DVD kuwa gigabait 4.7, mai hawa biyu har 8.5. Matse rubutun aka yi. Bayanan da ke jikin faifai ƙananan ramuka ne da aka jera a layi ɗaya tak, wanda ya nannaɗe daga tsakiya zuwa baki, kuma zagayen sun matsu da juna har kusan guda ɗari za su shiga kaurin silin gashi ɗaya.

Babu abin da ke taɓa faifan yayin karatu. Siririn haske ne ake harbawa daga ƙasa, ya daki faifan ya dawo, na'urar ta fassara abin da ya dawo da shi. Wannan ɓangare shi ne masu gyara ke kira ido. A cikin idon akwai fitilu biyu: ja na karanta DVD, da wani da idon mutum ba ya gani sosai na karanta CD da VCD. A riƙe wannan, zai yi amfani nan gaba.

Bayan ido sai ƙananan injuna uku. Ɗaya na juya faifan, sau ɗaruruwa har sama da dubu a minti. Ɗaya na jan idon daga tsakiya zuwa baki a kan 'yan sanduna. Na uku na fitar da tire ya mayar, ta hanyar wani ɗan bel na roba. Sai allon ƙwaƙwalwa mai mayar da bayanai hoto da sauti, sai allon wuta mai karɓar wutar gida ya rage ta. Shi ke nan. Wanda ya taɓa leƙa cikin na'ura mai araha ya san fiye da rabin akwatin iska ce.

Abin lura a nan shi ne allon ƙwaƙwalwa, wanda shi ne ke ɗauke da duk abubuwan da ake tallatawa a jikin kwali, da wuya ya fara mutuwa. Masu motsi da masu ɗaukar zafi su ne ke tafiya da fari. Kuma kamfanoni ƙalilan ne ke ƙera waɗannan kayan ciki. Ƙwaƙwalwar na'urori masu ɗimbin yawa daga MediaTek ko Sunplus ko Zoran ta fito, ko da wane suna aka manna a gaba.

Rubuce-rubucen jikin kwali: wanne ne ke da amfani?

Kwalin DVD ba ya rasa ado. Tambura a jere har ba wurin sa yatsa. Kaɗan ne daga ciki suka shafi mai saye a nan.

Na farko shi ne lambar yanki. Kamfanonin fim sun raba duniya gida shida don kada faifan da aka sayar a wata ƙasa ya yi aiki a wata. Amurka da Kanada yanki na 1 ne. Turai da Japan da Gabas ta Tsakiya da Masar da Afirka ta Kudu na 2. Najeriya da Nijar da Gana da yawancin Afirka, tare da Indiya da Rasha, na 5. Cana ita kaɗai ce ta 6. Shi ya sa alhaji zai iya sayo faifai na asali a Makka ko Dubai, ya dawo gida na'urarsa mai babban suna ta ƙi karɓa, ta maƙwabcinsa 'yar Cana kuwa ta karanta ba gardama, don yawancin masu arahar ba su damu da wannan shinge ba. Faya-fayan da ake bugawa a gida galibi ba su da lambar ko kaɗan.

Na biyu tsarin hoto. Najeriya da yawancin Turai PAL suke amfani da shi, Amurka da Japan NTSC. In ka sa faifai ka ga hoto ya koma baƙi da fari ko yana ta gudu sama, ba lalacewa ba ce. A shiga saitin na'urar a mayar da ita PAL, ko a bar ta ta zaɓa da kanta.

Na uku kafar HDMI. Wannan tana da amfani na gaske, domin sababbin talabijin da yawa sun daina zuwa da kafofin nan uku, rawaya da ja da fari. Amma rubutun “1080p” da ke gefenta shi ne ke ruɗar mutane. Hoton DVD ɗigo 720 ne a faɗi, 576 a tsaye. Na VCD, wanda a kansa aka sayar da finafinan Hausa masu yawa, 352 ne da 288. Abin da na'urar ke yi shi ne ta miƙe wannan hoto ya cika allo. Ba ta ƙara abin da babu. Tsohon VCD da ke fita tas a ƙaramar talabijin mai ƙeya, in ka sa shi a allo mai inci 55 za ka ga fuskokin 'yan wasa sun zama dabbare-dabbare, kuma babu na'urar da za ta gyara wannan.

Na huɗu, wanda a ganina ya fi duk sauran muhimmanci yau, kafar filash ce. Amfaninta biyu ne. Tana ba ka damar kallon abin da aka turo maka, kuma duk sa'ar da aka yi ana kallo ta filash, ido da injin juya faifai suna hutawa. Sai dai nan ma akwai inda ake cin karo. Yawancin tsoffin na'urori tsarin AVI suka sani, wato masu tambarin DivX. Finafinan da masu turi ke sa wa mutane a waya yanzu kuwa MP4 ne ko MKV. Sai mutum ya soka filash, ya ga sunan fim ɗin ɓaro-ɓaro, ya danna, a ce ba a gane shi ba, ko sauti ya fito babu hoto. Haka kuma da yawansu ba sa ganin filash ɗin sam sai an yi masa fomat da tsarin FAT32, alhali manyan filash da suka haura gigabait 32 da wani tsarin suke zuwa. Shi kuma FAT32 ba ya karɓar fayil ɗaya da ya wuce gigabait 4. Maganin wannan mai sauƙi ne: ka je shago da filash ɗinka da fim ɗinka a ciki, a gwada a gabanka.

Sauran kuwa, kafar makirfo biyu, wasannin yara, fitilu masu walƙiya, da lambar nan ta “PMPO” da ake rubuta dubban wat a jikin masu sifiku, duk girin-girin ne. Na'urar DVD zalla ba ta cin wutar da ta wuce wat 10 zuwa 20, shi ya sa ƙaramar sola ma ke ɗaukar ta. Masu haɗe da amfilifaya a ciki kuwa suna da nasu aibin: zafi ya fi yawa a akwati ɗaya, kuma in ɓangare ɗaya ya tsaya, duka sun tsaya.

Abubuwan da ke fara mutuwa

A tsaya a teburin mai gyara na ɗan lokaci. An kawo na'ura an ce tire ya ƙi fita, sai dai a ji yana gurnani. Mai ita ya riga ya yanke hukunci.

“Malam, ina jin injin ne ya ƙone. In ba za ta gyaru ba ka gaya mini gaskiya.”

“Alhaji, bari mu buɗe tukuna.”

Ya kwance kusoshi huɗu, ya ɗaga murfi, ya hure ƙura. A ƙarƙashin tiren ga wani ɗan zoben roba da bai fi a zura yatsa biyu ba, ya saki, ya yi santsi, inji na juyawa shi kuwa yana zamewa. Ya ciro shi ya ɗaga sama.

“Ga mai laifin nan.”

Wannan bel shi ne abu mafi araha a cikin na'urar, kuma yana cikin waɗanda suka fi sa a jefar da ita. Roba ce, zafi da shekaru na sa ta saki. Zama ba amfani ma na kashe ta, don takan sandare da siffar inda ta daɗe a tsaye. Tura tire da hannu maimakon danna maɓalli kuwa haƙoran robar da ke jansa yake ci.

Sai ido, wanda shi ne babban zance. Abu biyu ke samunsa, kuma ana yawan haɗa su. Na farko ƙura. Ruwan tabaran idon ɗan mitsitsi ne, yana kallon sama, duk abin da iska ta shigo da shi a kansa yake sauka. Hunturu ɗaya a Kano ko Damagaram ya isa ya dusashe shi, balle in an haɗa da hayaƙin girki ko turaren wuta, wanda ke barin danƙo ƙura ta manne. Wannan gyaransa shara ce kawai: a cire wuta, a ɗan jiƙa tsinken auduga da sifirit mai tsabta, a shafa a hankali. Ba fetur ba, ba kananzir ba, ba yawu ba, don ruwan tabaran roba ne kuma a kan 'yan siraran wayoyi yake lilo.

Na biyu tsufa. Fitilar da ke ba da hasken tana raguwa da yawan aiki, zafi kuma na gaggauta ta. Alamominta a jere suke zuwa. Da farko na'urar za ta riƙa daɗewa kafin ta gane faifai. Sai ta fara ƙin faya-fayan da aka kwafa tana karɓar na kamfani. Sai ta riƙa tsayawa a tsakiyar dogon fim, daidai inda ake hawa daga shimfiɗa ta farko zuwa ta biyu a faifai mai hawa biyu. Daga nan sai “No Disc”. Ga amfanin fitilu biyun nan da aka ambata: in na'ura tana karanta CD da VCD amma ta ƙi duk wani DVD, ko akasin haka, to kusan tabbas fitila ɗaya ce ta gaji. In kuwa ta ƙi duka lokaci guda, a fara zargin ƙura, ko injin juyawa, ko siririyar wayar nan mai faɗi da ke bin ido gaba da baya har ta tsage.

Akwai wata dabara da wasu masu gyara ke yi, su murɗa wani ɗan ƙaramin maɓalli a jikin idon don a ƙara wa fitilar wuta. Na'urar za ta tashi garau, mai ita ya biya ya tafi yana murna. Amma fitilar da ta gaji aka ƙara wa kaya, ƙarshenta ya matso ke nan. Ba laifi a yi hakan in manufar ita ce a samu a kwashe wasu faya-fayai kafin ta cika. Laifin shi ne a karɓi kuɗin sabon ido a kai.

Sai allon wuta. A kansa akwai wasu 'yan gwangwanaye a tsaye da ake kira kafasita, masu ɗan ruwa a ciki. Zafi na busar da su. Masana harkar suna da ƙiyasin da suke aiki da shi: duk ƙarin digiri 10 na zafi yana rage kusan rabin kwanansu. To a auna ɗakin kwano a Sakkwato ko Maiduguri a watan Afrilu, na'ura a cikin kabad mai gilashi, dikoda a kanta, an kuma lulluɓe ta da ƙyallen ado. In kafasita suka kumbura, sai na'ura ta riƙa mutuwa tana tashi, ko fuskarta ta dushe, ko ta yi ta ƙoƙarin juya faifai ta kasa. Sau da yawa a ce ido ne, alhali wutar da ke isa gare shi ce ba ta cika ba. Canza su ba tsada, kuma mai gyara na gari yakan sa masu jure digiri 105 a madadin masu 85. Shi dai wannan allo ba na mai gida ba ne ya taɓa, yana riƙe wuta ko bayan an zare soket.

NEPA fa? Tana da nata kason, amma ba yadda ake zato ba. Ƙarancin wuta bai cika damun waɗannan na'urori ba, don da yawansu an rubuta a bayansu cewa suna aiki daga bolt 110 har 240. Abin da ke kashe su shi ne bugun da wuta ke yi lokacin da aka dawo da ita, da hawa da saukar ƙaramin janareto sa'ad da mai ya kusa ƙarewa, da tsawa a damina. Kashewa da rimot ba ya raba allon wuta da layi. Na'urar da aka bari a soket dare da rana tana shan kowane bugu ko da ba a kallo. Stabilaiza mai jinkirta wuta na ɗan lokaci tana taimakawa, amma zare soket ya fi ta, kuma kyauta ne.

Kada a manta da kyankyasai. Ɗumin akwatin suke bi, su yi gida a kan allo, kashinsu da danshinsu su haɗa wuta. Duk mai gyara ya san warin.

Laifin na'ura ne ko na faifai?

Nan ne aka fi zaluntar na'urar. Faifai iri biyu ne. Akwai wanda aka buga a masana'anta, ramukansa a jikin robar suke, ƙasansa fari ne kamar azurfa. Akwai kuma wanda aka ƙona a kwamfuta ko injin kwafi, wanda ƙasansa ke da launin shunayya in DVD ne, ko kore-kore da shuɗi-shuɗi in CD ne. Shi wannan na biyu babu ramuka a jikinsa. Wani rini ne aka shimfiɗa, haske ya bi ya ƙona shi ɗigo-ɗigo. Hasken da yake mayarwa bai kai na faifan masana'anta ba, don haka ido ya fi wahala a kansa. Kuma rinin yana dusashewa da rana da zafi da danshi.

To kusan duk faifan biki da na suna da na wa'azi irin na biyun ne. Haka ma kaso mai yawa na finafinan da suka bi ta kasuwanni irin su Ƙofar Wambai a Kano da Alaba a Legas, musamman kwafin 'yan satar fasaha, waɗanda ke neman faifai mafi araha su ƙona shi da gudu mafi sauri. Masu fim goma ko ashirin a faifai ɗaya kuwa an matse hoton ne har ya lalace, an kuma cika faifan har bakinsa, inda rubutu ya fi rauni. Shi ya sa fim na ƙarshe ne kullum ke sarƙewa. Na'urar da ta yi shekaru tana fama da irin waɗannan, tana komawa baya tana sake neman layi, ba za ta yi kwanan wadda ke karanta faifai mai kyau ba.

Na masana'antar ma ba a ce ba ya lalacewa ba. A 2025 Warner Bros ya amsa cewa wasu faya-fayan DVD da ya fitar tsakanin 2006 da 2008 suna lalacewa da kansu a ajiye. DVD falle biyu ne aka manne, kowanne kaurin milimita 0.6, bayanan na tsakiya. In mannewar ba ta yi kyau ba iska na shiga ta ci shimfiɗar. Lanƙwasa faifai wajen ciro shi daga gidansa ma na buɗe wannan haɗi. CD kuwa bayanansa dab da saman da ake rubutu suke, don haka ƙarzar sama ta fi ta ƙasa yi masa illa, abin da mutane da yawa ba su sani ba sa'ad da suke kife shi a kan tebur wai don kare shi.

Wajen gogewa, daga tsakiya ake ja zuwa baki, ba a zagaya. Dalili shi ne tsarin yana iya cike gurbin ɗan abin da ya ɓace in ƙarzar ta ratsa layuka a gicciye. In kuwa ta bi layi ɗaya ta yi tsawo, babu abin cikewa.

Shin da gaske na da sun fi ƙarko?

Masu wannan ra'ayi suna da hujja. A 1997 na'urar DVD a Amurka ɗaruruwan daloli ce, wasu har kusan dala 1,000. Zuwa 2003 ana samunta ƙasa da dala 50. Wannan faɗuwar farashi ba daga sama ta zo ba. Wani ɓangare ci gaban fasaha ne, an haɗe ayyuka da yawa a ƙwaƙwalwa ɗaya. Wani ɓangaren kuwa rage kaya ne: ƙarfe ya koma roba, allon wuta ya ƙanƙance, an cire abubuwan kariya, an sa inji mai araha. Ɗauki tsohuwar na'ura a hannu ɗaya, sabuwa mai araha a ɗaya, nauyin kaɗai zai ba ka labari.

Amma akwai abin da wannan hujja ke tsallakewa. Tsoffin da muke gani yau su ne waɗanda suka tsira. 'Yan'uwansu da suka mutu a shekara ta biyu an daɗe da sayar wa 'yan gwangwan, ba mai tuna su. Sannan na farko-farkon nan masu nauyi da yawansu ba sa karanta faifan da aka ƙona, ba su da kafar filash, ba su da HDMI, suna kuma tsananta lambar yanki. Ƙarkonsu na gaske ne, amma amfaninsu ga mai jakar faya-fayan biki kaɗan ne.

Sunan kamfani kuwa ya daina zama shaida tun tuni. Wasu tsoffin sunaye hayarsu ake bayarwa ga wasu masana'antu. Ga kuma jabu, inda ake sauya harafi ɗaya a sunan da aka sani, ko a manna sunan gaba ɗaya ba kunya. Ni dai abin da na fi yarda da shi shi ne abin da hannu da kunne za su shaida a shago: tire ya fita ya koma sumul ba kakarewa, faifai ya juya ba kaɗawa ba ƙara, ta gane faifan da aka ƙona cikin 'yan daƙiƙu, akwatin na da ramukan shan iska, mai shago kuma ya yarda ya rubuta garanti a rasit.

Na gwanjo fa? Ana dacewa, musamman waɗanda suka fito daga Turai, inda wutarsu bolt 230 ce irin tamu, kuma yawanci ba su sha ƙura da zafi ba. Amma ba wanda zai gaya maka sa'o'i nawa idon ya yi yana aiki. Na Amurka kuwa wutarsu 120 ce, na Japan 100. In ba a rubuta a baya cewa tana ɗaukar har 240 ba, ka soka ta kai tsaye, ƙara ɗaya za ka ji sai hayaƙi. A karanta bayan na'ura kafin a karanta gabanta. A kuma tabbatar da rimot ɗinta na nan, don akwai saitin da ba a isa gare shi sai da shi.

A gyara ko a sayi wata?

Bel, shara, kafasita, fiyus, wayar ido: duk waɗannan a gyara. Sabon ido kuwa sai an yi lissafi, domin a na'ura mai araha kuɗinsa da na aiki kan kusa kamo kuɗin wata, kuma ba kowane “sabon” ido ne sabo ba, wani daga gawar wata na'urar aka ciro shi. In allon ƙwaƙwalwa ne ya tafi, a haƙura. Abin da zai ƙara tsananta nan gaba shi ne kayan gyaran, tunda masu ƙera su na raguwa, matasan masu gyara kuma duk sun koma waya.

Abin da ya fi na'urar shiga haɗari

An taɓa ganin irin wannan. Funai, kamfanin Japan da ya rage yana ƙera bidiyon kaset, ya tsayar da aikin a 2016. Yau duk mai kaset ɗin bikin iyayensa ya san wahalar neman inda za a kunna masa shi, in ma kaset ɗin bai yi funfuna ba. DVD ba ta kai nan ba tukuna, har yanzu ana ƙera masu araha ana shigo da su. Amma faya-fayan da aka ƙona a shekarun 2005 zuwa 2010 sun riga sun manyanta, kuma su ba a sayo wani.

Kwashe su ba wuya. Sababbin laftof ba sa zuwa da wurin faifai, amma akwai ɗan akwatin karanta DVD da ake haɗawa ta kafar USB, kuma shagunan kwamfuta da yawa na da shi. Faifan da mai ɗaukar biki ya ƙona ba shi da makulli. A buɗe shi a kwamfuta, a kwafe foldar da ake kira VIDEO_TS gaba ɗayanta. In VCD ne, fim ɗin na cikin foldar MPEGAV. Manhajar VLC, wadda kyauta ce, tana kunna duka biyun. Daga baya ana iya mayar da su MP4 don waya, amma a ajiye na asalin, don duk juyi na rage kyan hoto.

Kada a ajiye a wuri ɗaya. Filash na ɓata, yana kuma mutuwa ba sallama. A sa kwafi a kwamfuta, wani a wurin ɗan'uwa, wani a intanet, inda Google ke ba kowane asusu gigabait 15 kyauta, abin da zai ɗauki cikakken faifan biki uku. In faifai ya ƙi kwafuwa a wata na'ura, a wanke shi da ruwa da ɗan sabulu, a bar shi ya bushe a inuwa, a gwada a wata, domin idanu sun bambanta, abin da wannan ya kasa wancan kan karanta. A fara da masu launin shunayya a ƙasa, mafi tsufa a cikinsu, da duk wanda aka ga bakinsa ya fara canza launi.